Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Lafiya ta Duniya da Africa CDC kan gwajin magungunan cutar ɗa'un

Masu girma shugabannin Hukumar Lafiya ta Duniya da na Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Afirka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, sana'ata renon ƙwayoyin cuta a faranti da gwada magani a kansu. Na rubuto ne saboda wata magana da ba a rasa ta a sanarwar da ake fitarwa duk lokacin da ɗa'un ya ɓulla: kada a tayar da hankali, cutar tana jin magani. Maganar gaskiya ce, ban zo musa ta ba. Abin da nake so a duba shi ne a kan me ta tsaya. Samfur nawa aka gwada kafin a faɗe ta, daga ina aka kawo su, kuma yaushe?

Tun da jama'a ma za su karanta wannan takarda, bari in fayyace cutar da nake nufi, don kada a haɗa ta da zazzaɓin Lassa, ko da yake duk biyun da hannun ɓera a ciki. Ɗa'un bakteriya ce ke kawo shi, Yersinia pestis, wadda Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta kai wa mutum, kamar yadda Paul-Louis Simond ya nuna a 1898. In ta tsaya a kaluluwa, sai wurin ya kumbura ya yi zafi, a matsematsi ko hammata ko wuya, kuma in ba a ba da magani ba tana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari. In ta sauka a huhu ba ta ƙara bukatar ƙuma, tari ya isa ya kai ta ga na kusa, kuma wanda bai samu magani ba kusan babu mai tashi. Ita ce ta share wajen sulusin mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. A ƙididdigarku ta shekarun 2010 zuwa 2015, mutum 3,248 suka kamu a duniya, 584 suka mutu, kuma ƙasashen da ta fi zama su ne Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo da Peru.

Da ɗa'un na huhu, likita ba shi da lokacin jiran mu. In aka wuce kwana guda da fara alamomi ba a soma magani ba, sau da yawa an makara. Ita kuwa ƙwayar a faranti ba ta da gaggawa: sai ta kai kwana biyu kafin ta fito yadda ido zai gan ta sosai, sannan a tabbatar ita ce, sannan a shiga gwajin magani, shi ma ya ci kwana ɗaya ko biyu. Kafin sakamako ya fito, mara lafiyan da aka ɗebi samfurinsa ko ya soma samun sauƙi ko an yi jana'izarsa. Saboda haka wasu masu riƙe da kuɗi suke ganin gwajin ɓata dukiya ne. Nan ne suka kauce hanya. Amfanin gwajin na wanda zai kamu gobe ne, da mutanen gidansa da za a ba maganin kariya, da jami'in da zai sa hannu a sayo magani na daminar gaba. Likitan da ya tsira allura ba tare da jiran sakamako ba ya dogara ne da gwaje-gwajen da wasu suka yi kafinsa. In waɗannan gwaje-gwajen sun tsufa ko sun yi kaɗan, to a kan zato yake aiki bai sani ba.

Yadda ake gwajin ba wani sirri ba ne. Ana jera ƙananan ramuka masu ruwan abincin ƙwayar cuta, a zuba magani a kowanne, ƙarfin na biyu rabin na farko, na uku rabin na biyu, har a kai mafi rauni. A sa ƙwayar a ciki daidai wa daida, a ajiye a na'urar ɗumi. Ramin da ya gurɓace, ƙwayar ta rayu a cikinsa. Wanda ya zauna garau, magani ya yi nasara. Mafi ƙanƙantar ƙarfin da ya hana ta tsiro shi ne abin da muke rubutawa, sai a gwada shi da ma'aunin da aka amince da shi, irin wanda cibiyar CLSI ta Amurka ta tsara, a ce tana jin wannan maganin ko ba ta ji. Akwai hanya mai araha da kusan kowane ɗakin gwaji ya sani, ta ɗora 'yan takardu masu magani a kan faranti a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa shiga. Da yawancin bakteriya wannan ta wadatar. Da Yersinia pestis tana ba da wahala, domin tsironta siriri ne kuma a hankali yake zuwa, bakin filin ba ya fitowa sarai, ma'aikata biyu sai su kalli faranti ɗaya su rubuta lamba biyu. Ga shi ta fi son ɗumin digiri 28, alhali gwajin ƙa'ida a digiri 35 ake yin sa. Aiki ne na wanda ya saba, sabo kuwa ba ya samuwa ga wanda bai taɓa ganin ƙwayar ba sai a littafi.

Ko sakamakon ya fito daidai, akwai inda yake ruɗin mutum. Magungunan dangin fenisilin sukan nuna ƙarfi a kan ƙwayar a cikin kwalba, amma da aka gwada su a dabbobi masu ɗa'un na huhu ba su taɓuka abin kirki ba, shi ya sa ba a sa su cikin magungunan cutar. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai rubuta cewa tana jin amfisilin, kuma bai yi ƙarya ba, likita ya bi takardarsa ya rasa mara lafiya. Haka sitireftomaisin da jentamaisin: suna kashe ta ƙwarai, amma ba sa ratsawa sosai zuwa ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, don haka in cutar ta koma sanƙarau sai an nemi wani, irin su kuloramfenikol. Takardar ɗakin gwaji da ba a haɗa ta da labarin yadda mara lafiya ya ƙare ba rabin zance ce.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban yarda a kwanta a kan tsohon sakamako ba. A 1995, a gundumar Ambalavao ta Madagaska, an ɗebi samfur daga wani yaro ɗan shekara 16 mai ɗa'un na kaluluwa. Da masanan Cibiyar Pasteur suka gwada, sai ƙwayar ta bijire wa magunguna takwas, ciki har da sitireftomaisin da tetirasaikilin da kuloramfenikol da dangin salfa, wato kusan duk abin da ake warkarwa ko kariya da shi a lokacin. Yaron ya rayu, mai yiwuwa domin cikin haɗin da aka ba shi akwai tirimetofirim, wanda ƙwayar ba ta bijire wa ba. An buga labarin a 1997. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne inda ta samo wannan taurin kan. Bakteriya sukan miƙa wa juna guntun kayan gado, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma binciken da aka buga a 2007 ya nuna guntun da ke jikin ƙwayar Ambalavao ɗan'uwa ne ga waɗanda ake samu a Salmonella da makamantanta a naman dabbobin kiwo. Ma'ana, ɓarnar da ake yi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a asibiti da gidan gona tana iya isa ga ɗa'un ta bayan fage.

A shekarar 1995 ɗin dai, an samu wata a Madagaska da ta bijire wa sitireftomaisin kaɗai. Daga baya an gano wadda ba ta jin dokisaikilin a cikin samfurin wani ɓera da aka kama a Antananarivo a 1998. Sai ta 2013 a gundumar Faratsiho, wadda a ganina ta fi duka nauyi: ɗa'un na huhu ya bi mutane daga wannan zuwa wancan, kuma ƙwayar da ke yawo ba ta jin sitireftomaisin, maganin da ƙasar ta dogara da shi a lokacin. Waɗanda aka yi wa magani sun tsira, bisa ga dukkan alamu saboda an haɗa musu da kotirimoksazol. Cikakken bayanin wannan lamari ya shafe shekaru kafin ya isa mujallar kimiyya. Ban ɗora wa masu binciken laifi ba, su ne ma suka tono abin. Amma labari irin wannan bai kamata ya bi layin mujalla ba kafin likitan Ituri a Kongo ko na Arua a Yuganda ya ji shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi. A 2012 masanan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, sun buga sakamakon gwajin ƙwayoyi 392 da aka tattaro daga ƙasashe 17 na Afirka da Asiya da nahiyar Amurka, ba su samu ko ɗaya mai bijirewa ba. Wannan labari ne mai daɗi, ya kuma nuna bijirewar ba ta zama ruwan dare ba. Sai dai a lura da wani abu. Misalan da na kawo duka daga Madagaska suke, ƙasar da ke da cibiya mai renon ƙwayar da gwada ta shekara da shekaru. Shin a can kaɗai ƙwayar ke bijirewa, ko a can ne ake dubawa? Lardin Ituri na Kongo yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya, ga rikici ga lalacewar hanya, mafi yawan masu cutar ana gane su ne da alamomin jiki kawai. Inda ba a yi gwaji ba, rahoto zai fito fes, babu bijirewa ko ɗaya.

Ɓarkewar 2017 ta nuna girman giɓin. Daga Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, rahotonku ya lissafa mutum 2,348 da ake zato ko aka tabbatar sun kamu a Madagaska, 202 suka rasu, akasari da na huhu, kuma a manyan birane, Antananarivo da Toamasina. Kun aika da magani sama da miliyan ɗaya, abin a yaba. Ƙwayoyin da aka samu aka rena har aka gwada musu magani a wannan rahoto 33 ne, duka suna ji. Akwai uzuri: da yawa cikin waɗanda aka zata daga baya ya bayyana ba ɗa'un ke damunsu ba, wasu kuma sun sha magani kafin a ɗebi kakinsu, ƙwayar ba za ta tsiro ba. Duk da haka, hukuncin da ya shafi dubban rayuka a kan 33 ya tsaya, a ƙasar da ta fi kowa shiri a Afirka. Da a wata ƙasa abin ya faru fa?

Akwai wani abin alheri da ya zo da nasa cikas. Cibiyar Pasteur ta Madagaska ta samar da ɗan tsinken gwaji na gaggawa, a ɗiga masa ruwan kaluluwa, cikin minti 15 ya nuna ko ɗa'un ne. Ya ceci rayuka a ƙauyukan da babu wuta babu na'ura. Amma tsinken ba ya faɗin wane magani ƙwayar ke ji. Da zarar ya nuna layi, ma'aikacin lafiya ya ba da magani, wanda shi ne daidai, sai maganar aika samfur ta bi ruwa, musamman in babu kwalbar ɗauka, babu mai na babur, kuma wanda ya aika bara bai taɓa jin sakamako ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikacin karkara da ake karɓar samfurinsa ba a mayar masa da amsa, wata rana zai daina aikowa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Sai matsalar haɗari. Renon wannan ƙwaya sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na uku, mai sarrafa iska da tufafin kariya da horarrun mutane. A 2009 wani masani a Chicago ya mutu bayan ya kamu da nau'in da aka raunana don bincike, saboda yana da larurar taruwar ƙarfe a jiki da ba a sani ba. Na'urorin zamani masu gane bakteriya da kansu ma sukan ba ta wani suna: a jihar Kolorado ta Amurka a 2014 na'ura ta kira ta Pseudomonas luteola, aka yi kwanaki kafin a gane ɗa'un na huhu ne ya fito daga jikin wani kare. Ga dokokin tsaro da na jigila, waɗanda suka sa tura ƙwayar daga ƙasa zuwa ƙasa ya zama aikin watanni. Dokokin suna da hujja, ba na neman a sassauta su. Amma in an hana samfur tafiya, wajibi ne a kawo gwajin kusa da shi. A yanzu an yi na farko, an bar na biyu.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne yanzu, domin magani yana sauya hannu. Sitireftomaisin, wanda aka gano a 1943, shi ya riƙe cutar shekaru da dama, amma allura ce, tana iya taɓa ji da ƙoda, kuma samunsa ya yi wuya a ƙasashe da yawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da lebofuloksasin don ɗa'un a 2012, da sifrofuloksasin da moksifuloksasin a 2015, bisa gwajin da aka yi a birai, tun da ba a samun isassun marasa lafiya kuma ba ya halatta a sa wa mutum cutar. Gwaji a jikin mutane ƙalilan ne: wanda aka yi a Tanzaniya a kan mutum 65, tsakanin jentamaisin da dokisaikilin, sai na IMASOY a Madagaska, wanda sakamakonsa ya fito a 2025 ya nuna shan sifrofuloksasin kwana goma bai gaza haɗin allura da maganin sha ba wajen warkar da na kaluluwa. Jagorarku ta 2021 ma ta riga ta sa wannan dangin magani a sahun gaba. Ina murna da haka, maganin sha ya fi allura sauƙi ga kowa. Sai dai sifro yana cikin magungunan da aka fi sha ba bisa ƙa'ida ba a duniya, kuma mun ga yadda ƙwayar taifod da ta ciwon sanyi suka daina jin sa a wurare da yawa. Za mu jingina da bango ɗaya, to a riƙa duba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake roƙo ba ya wuce ƙarfinku. Na farko, a mayar da ɗiban samfur kafin magani ya zama ƙa'ida a duk inda ake zargin ɗa'un, da sharaɗin kada ya jinkirta magani ko na minti ɗaya: a ɗebi ruwan kaluluwa ko kaki ko jini, a sa a kwalbar ɗauka irin ta Cary-Blair, a ba da magani nan take. Kwalaben su zo cikin kwali ɗaya da tsinken gwaji, da kuɗin jigila a cikin kasafi, ba a bar wa ma'aikaci ya ciro daga aljihunsa ba.

Bayan haka, kowane yanki da cutar ke zaune, gabashin Kongo da arewa maso yammacin Yuganda da tsaunukan Madagaska, ya samu ɗakin gwajin da samfur zai iso shi cikin 'yan kwanaki. Gina ɗakin shi ne mai sauƙi, masu ba da tallafi suna son abin da za a yanke kintinkiri a ɗauki hoto. Mai wuyar shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, da sinadaran da ba su wuce wa'adi ba, da gyaran matatar iska, da albashin da zai hana ƙwararre tafiya bayan an gama horar da shi. A riƙa aika wa ɗakunan samfurin jarrabawa marar haɗari lokaci zuwa lokaci, don a san ko sakamakonsu ɗaya ne. Ƙasashen da cutar ta yi shiru a cikinsu su ma kada a bar su a baya: Aljeriya ta shafe shekaru da dama ba ta gan ta ba sai ga ta a Oran a 2003, Libiya ma ta gan ta kusa da Tobruk a 2009. Ko ba su da ɗakin reno, su san wa za su kira da inda za su aika.

Kada gwajin ya tsaya a kan mutane. Gidan ƙwayar na asali jikin ɓera da ƙuma ne, mutum ratse ne kawai, kuma ta 1998 a ɓera aka same ta. Karanta kayan gadon ƙwayar da na'ura ya yi araha yanzu, yana iya nuna alamomin bijirewa da aka riga aka sani cikin sauri, har ma daga samfurin da aka kashe don a yi jigilarsa lafiya. A yi amfani da shi. Amma abin da aka sani kaɗai yake ganewa, sabon salo sai faranti ya tona shi, don haka kada ya zama dalilin rufe ɗakin reno.

Na ƙarshe shi ne wanda ba ya cin kuɗi. Tun 2015 kuna da tsarin GLASS na bibiyar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna. Ina roƙon ɗa'un ya samu nasa rahoton na shekara-shekara, a buɗe ga kowa: mutum nawa aka zata, samfur nawa aka ɗiba, nawa suka tsiro, nawa aka gwada, da wane magani, me aka gani, kuma yaya marasa lafiyan suka ƙare. Ƙasar da ba ta gwada ko ɗaya ba a rubuta sifiri a gabanta, kada a bar gurbin babu komai. In aka ci karo da mai bijirewa, a sanar da ƙasashen da abin ya shafa cikin kwanaki, ta hanyar da Dokokin Lafiya na Duniya na 2005 suka tanada. A kuma tabbatar wa ƙasar da ta faɗi gaskiya cewa ba za a saka mata da rufe iyaka ba. Kowa ya ga asarar da Indiya ta tafka bayan ɓarkewar Surat a 1994, lokacin da aka dakatar da jirage aka ƙi kayanta, kuma ministan da ya tuna da wannan zai yi ta jan ƙafa kafin ya sa hannu a rahoto.

A Madagaska lokacin cutar yakan soma ne daga Satumba ya kai Afrilu. Ina fatan kafin na gaba ya kama, kwalaben ɗaukar samfur sun isa asibitocin gundumomi tare da magani, kuma an sanar da sunan ɗakin gwajin da zai karɓe su da ranar da zai mayar da amsa.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi muku jagora.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje